Okonkwo jarumi ne, ko gudun gori ne ya kai shi ga igiya?

Malam Nasiru Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Littafinmu na wannan wata shi ne Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda kamfanin Heinemann ya fara bugawa a Landan a 1958. An sha tattauna shi ta fuskar zuwan Turawa, don haka ina roƙon mu jingine Bature tukuna. Littafin babi 25 ne, labarin Bature kuma bai shigo da gaske ba sai a babi na 15. Kafin nan Okonkwo, tauraron littafin, ya lakaɗa wa matansa biyu duka, ya ɗana wa ɗaya bindiga, ya sare yaron da ke kiransa baba, an kuma kore shi daga garinsu Umuofia na shekara 7. Ra'ayina shi ne mutumin nan bai taɓa yarda da kansa ba ko na yini ɗaya, duk abin da ya tara kuwa don toshe bakin masu gori ne. Wanda bai yarda ba ya kawo babi da hujja.

Sanusi Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Malam, ni kam ban yarda ba. Mutumin da ya kayar da gwarzon ɗan kokawa Amalinze yana ɗan shekara 18, bayan Amalinze ya yi shekara 7 bayansa bai taɓa ƙasa ba? Rumbu biyu cike da doya, mata uku, 'ya'ya takwas, lambar girma biyu daga cikin huɗu da ƙabilar ke da su, kan mutum biyar a yaƙi. Wannan ne mai jin ƙasƙanci? Ku 'yan boko da kun ga namiji mai zafin zuciya sai ku ce tsoro ne ke cinsa.

Malama Hadiza Arkilla:
Sanusi, ba sai mun yi hasashe ba, ai marubucin ya faɗa da kansa a babi na 2. Ya nuna tsoro ne ke jan ragamar rayuwar mutumin, kuma ba tsoron dodo ko maita ko daji ba, tsoron kada a wayi gari a ga ya yi kama da ubansa Unoka. Har asalin ciwon an nuna mana. Yana yaro wani abokin wasansa ya ce masa ubansa agbala ne. Kalmar tana da fuska biyu: tana nufin mace, tana kuma nufin namijin da bai sayi ko lambar girma ɗaya ba. Tun daga ranar ya haɗa abu biyu ya ɗaure da igiya ɗaya, rashin abin hannu da zama mace. Abin da ka lissafa gaskiya ne, amma lissafin dukiya ne, ba na kwanciyar rai ba.

Baba Alu Ƙofar Rini:
Ku dakata ɗiyana, sai mun gyara suna kahin mu yi gardama. Ƙasƙanci ga Hausa abin da wani ka yi maka na. Babu wanda yaƙ ƙasƙanta Okonkwo, shi anka tura Mbaino, garin maƙwabta, wakilin gari. Abin da ad damunai gori na. Mu nan Sakkwato mun san ɗan da ubanai yam mutu da bashin mutane, in yas samu, bai iya sanya riga guda shi hita sai ya haɗa da babba. Ba don ana kallonai ba, don shina jin ana kallonai. Tabarmar kunya da hauka aka naɗe ta.

Malam Nasiru Mabera:
Baba ya taimake mu. To mu ce gudun gori. Bari in ba Sanusi lissafin da ya fi nasa daɗin ji, don babi na 3 ne ginshiƙin maganar. Okonkwo bai gaji rumbu ba, bai gaji lamba ba. Ya je wurin attajiri Nwakibie, mai rumbu uku da mata tara da 'ya'ya talatin, yana sa ran irin doya 400, aka ba shi 800. Wani abokin ubansa ya ƙara masa 400. Sharaɗin irin wannan noma shi ne mai iri ya kwashe kashi biyu cikin uku, manomi ya tashi da ɗaya. Daga wannan ɗayan yake ciyar da uwarsa da 'yan'uwansa mata biyu, da uban ma, tunda ba yadda za a yi uwa ta dafa mijinta ya kwana da yunwa. Shekarar kuma ta zo a birkice. Ya shuka 400 nasa na kansa da ruwan fari, ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone su duk da ganyen da ya kewaye su da shi. Ya shuka sauran 1,200, sai ruwa ya ɓalle ba tsayawa ya wanke kunyoyi, doya ta yi ganye ba 'ya'ya. Har wani manomi ya rataye kansa a shekarar. Ku riƙe wannan. Ku kuma riƙe cewa mai rarrashinsa a lokacin Unoka ne, yana kwance ba lafiya, yana nuna masa cewa faɗuwar da ta haɗa kowa da kowa mai girman kai na iya shanye ta, wadda ta fi ɗaci ita ce mutum ya faɗi shi kaɗai. Maganar da ta fi kowace hikima a babin daga bakin ragon uban ta fito, ɗan kuma haushi kawai ta ba shi.

Sanusi Runjin Sambo:
To ai ka ƙara mini hujja ne Malam. Wanda ya tsallake wannan shekara ya cancanci ya ɗaga kafaɗa. Kuma Unoka ba abin tausayi ba ne. Maƙwabcinsa Okoye ya zo karɓar wuri 200 da ya ranta masa fiye da shekara biyu, mutumin nan ya tuntsire da dariya, ya nuna masa zanen alli a bango, kowane layi wuri 100, ya ce sai ya gama da manyan basussuka. Wane ɗa ne zai so ya gaji wannan?

Malama Hadiza Arkilla:
Ba wanda ya ce ya gaje shi. Inda lissafin ya karkace shi ne bai tsaya ya tsince ba. Unoka yana da lalaci da cin bashi, yana kuma da sarewa da fara'a da son yara da sanyin hali. Ɗan ya haɗa duka ya zuba a rami ɗaya. Ga gwajin da nake ba kowa shawara ya yi: ka ɗauki takarda ka raba ta biyu, gefe ɗaya abin da Okonkwo ya yi idan akwai idon maza, ɗaya gefen abin da ya yi idan ba kowa.

Gefen ba kowa: babi na 9, matarsa ta biyu Ekwefi ta buga masa ƙofa da asuba 'yarsu Ezinma na zazzaɓi, ya zabura ya ɗauki adda ya shiga daji ya haɗo ganye da ɓawo, ya tsaya a kan tukunya yana auna ruwa, shi ya yi mata surace da hannunsa. Sannan daren da Chielo, mai hidimar gunkin garin, ta goya Ezinma ta tafi da ita kogon tsafi, Ekwefi ta bi bayansu. A babi na 11 kamar a natse ya iso bakin kogo. Sai a babi na 12 aka tona mana asiri: bai runtsa ba, ya dai jira ɗan lokacin da yake ganin ya dace da namiji kada a ce ya ruɗe, kuma ya yi ta zuwa wurin tsafin yana dawowa, sai a zuwa na huɗu ya tarar da Ekwefi. Mutumin da ke auna mintin da zai nuna damuwa a kan 'yarsa, cikin dare, ba mai ganinsa, wa yake tsoro?

Gefen idon maza kuma babi na 7 ya isa. Ezeudu, dattijon da ya fi kowa shekaru a yankinsu, ya tako har gida ya ce masa kada ya sa hannu a kisan Ikemefuna, yaron nan da aka ba shi riƙo mai kiransa baba. An ba shi mafita a fili, ba wanda zai zarge shi. Ya bi masu kisan, ya koma baya da aka zare adda, amma da yaron ya rugo wurinsa shi ya ƙarasa shi, don kada a ce ya yi rauni. Shekara uku yaron na gidansa. Bayan nan kwana biyu bai ci abinci ba sai bammi.

Zuwaira Minanata:
Malama, don Allah tambaya. Ɓoye son 'ya'ya ai mu ma muna da shi. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, uwa ma tana kawar da kai. Ba irinsa ba ne?

Baba Alu Ƙofar Rini:
A'a ɗiyata, kar ki haɗa. Kunyar ɗan fari al'ada ta, kowa ya san da ita, shi ɗan ma ya san ana son shi. An bar ma kakanni da baffanni da gwaggwanni su nuna mai abin da uba yab ɓoye. Kuma kara ba ta zuwa da duka. Shi wanga, ɗanai Nwoye na da shekara 12 yana shan bugu don an ga alamar kakanai gare shi. Yaro na son tatsuniyar uwatai ta kunkuru, sai shi zamna shi yi awa labarin yaƙi da jini shika so don uban shi bar hushi. Wanga ba kara ba ta, tsoro na uba ya ɗora ma ɗa.

Malam Murtala Dandima:
Bari in sa baki ta ɓangaren ilimin halayyar ɗan Adam, amma a taƙaice, don ba majinyaci ne a gabanmu ba, mutumin takarda ne. Alfred Adler, likitan Ostiriya da ya rayu daga 1870 zuwa 1937, wanda ya raba gari da babban masanin fannin Sigmund Freud a 1911, shi ya shahara da maganar jin ƙasƙanci. A wurinsa kowane yaro da jin ƙanƙanta yake tashi, kuma wannan ba cuta ba ne, shi ke tura mutum ya koyi sana'a. Yana zama cuta ne idan buri ya tashi daga in iya ya koma in fi kowa, mutum ya riƙa gudun duk abin da aka laƙaba wa sunan mata. Alamar da ake dubawa ba yawan fushi ba ce, girman martani ne idan aka auna shi da girman laifi, da kuma wanda ake huce wa a kai.

Ku auna da babi na 5. Ekwefi ta yanki ganyen ayaba kaɗan ta ƙunshe abinci, itacen na nan da ransa, ya doke ta. Wannan zaman banza ne na kwanakin biki ya ishe shi, don shi ba ya iya zama ba aiki. Amma harbin fa? Ya ce a ɗauko masa bindiga zai je farauta, alhali an san ko ɓera bai taɓa kashewa da ita ba, ita kuma ta yi gunaguni a kan bindigar da ba ta harbi. Magana ɗaya ta taɓa inda bai iya ba, sai ya saki kunama. Allah ya sa ya kuskure. Haka a babi na 4, Osugo ya saɓa masa a taron dangi, bai ko dube shi ba ya nuna cewa taron na maza ne, saboda Osugo ba shi da lamba. Gorin da aka yi masa yana yaro shi ya juye wa wani. Ga kuma i'ina da aka ce yana da ita tun babi na 1: idan magana ta ƙi fita sai hannu ya fita.

Sanusi Runjin Sambo:
Na ji, amma kuna ɗora wa mutum ɗaya laifin gari. Garin da doya amfanin maza ce, rogo da gwaza da wake na mata. Garin da kisan ganganci namiji ne, na kuskure mace. Garin da matsayinka a taro ya danganta da abin da ka saya. Inda baki ya karkata ai nan yawu kan zuba. Abin da aka koya masa ya yi.

Malam Nasiru Mabera:
Wannan ce hujjarka mafi ƙarfi Sanusi, kuma rabinta na karɓa. Garin ne ya ƙera ma'aunin. Sai dai littafin ya cika da mazan da suka tashi a kan ma'aunin nan ba su zama haka ba. Obierika ya ƙi bin masu kashe Ikemefuna, ya kuma gaya wa abokinsa Okonkwo a fuska cewa abin da ya yi na iya jawo wa gida duka fushin ƙasa, ba wanda ya kira shi mace. A babi na 8 aka kawo labarin tsoho Ndulue da matarsa Ozoemena, da suka mutu rana ɗaya, wanda aka ce ba ya yin komai sai ya gaya mata. Okonkwo ya yi mamaki, shi a zatonsa mutumin jarumi ne a zamaninsa. Aka ce masa ƙwarai kuwa, shi ke jan Umuofia zuwa yaƙi. Kansa ya kasa ɗaukar abu biyun a jikin mutum ɗaya.

Dukan mata kuma garin bai sa masa albarka ba. Da ya doki ƙaramar matarsa Ojiugo a makon zaman lafiya don ta je kitso ba ta dafa abinci ba, Ezeani, mai hidimar gunkin ƙasa, ya ƙi cin goronsa, ya ci shi tarar akuya ɗaya, kaza ɗaya, ƙyalle ɗaya da wuri 100. Za ka ce don makon ne kawai, to je babi na 10. Dodanni tara, wato mazan gari da suka rufe fuska da sunan kakanni, sun zauna shari'ar Uzowulu mai dukan matarsa Mgbafo, hukuncin ya nuna faɗa da mace ba jarumta ba ce, aka ce ya ɗauki bammi ya je ya roƙi surukai. Dodo na biyu a layin, mai tafiya kamar a kan tsini, matan gari sun gane Okonkwo ne sun yi shiru. Yana cikin masu yanke hukuncin da shi kansa bai bi ba.

Malama Hadiza Arkilla:
Ƙari a kan babi na 13. Bindigar nan dai ita ce ta fashe a jana'izar Ezeudu, ƙarfe ya soki ɗan mamacin mai shekara 16. Laifin kuskure, wato na mata a lissafinsu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gudun sunan mace, da laifin mata aka kore shi, zuwa garin uwarsa. A Mbanta kawunsa Uchendu ya tara iyali ya tambaye shi dalilin da ake sa wa yara suna Nneka, mai nuna fifikon uwa, ya kasa amsawa. Tsohon ya ce shi ya binne 'ya'ya 22 kuma bai rataye kansa ba. Karo na biyu ke nan da igiya ta gilma.

Sanusi Runjin Sambo:
To ƙarshen fa? A nan ba za ku ƙwace mini shi ba. Baturen mulki ya kama shugabanni shida da yaudara, har da shi, an aske musu kai, an yi musu bulala, an ci gari tarar buhu 200 na wuri, 'yan aiken kotu suka mai da shi 250 don su ci 50. Shi kaɗai ya tashi. Mu da muka san yaƙin Giginya da Turawa suka ci Sakkwato a Maris 1903, muka san Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara har ya yi shahada a Burmi cikin Yuli, bai kamata mu kira mai irin wannan zuciya matsoraci ba.

Baba Alu Ƙofar Rini:
Subhanallahi, Sanusi janye wagga. Sarkin Musulmi hijira yay yi, bisa hujja ta addini, jama'a sunka bi shi, yaƙi yac ci shi cikin mutanenai. Waziri Buhari da yat tsaya shi ma don jama'a yat tsaya, da shawarar malamai. Ko wane da abin da shika karewa wanda ya hi kainai. Shi wanga daren taro mi shika tunani? Ya hiddo kayan yaƙi, shina cizon haƙora bisa Egonwanne, wai mai zaƙin baki zai mai da maza mata, kuma in gari ya ƙi yaƙi shi zai rama shi ɗai. Ramuwar bulalar bayanai ta. Ba a ko ƙare shawara ba yas sare ɗan aike.

Sanusi Runjin Sambo:
Na janye kwatancen Baba, Allah ya huci zuciyarka. Amma ban janye cewa wulaƙancin da aka yi musu na gaske ne ba.

Malam Murtala Dandima:
Na gaske ne, kuma a nan nake rabuwa da Malam Nasiru kaɗan. Idan aka ce komai gudun gori ne, an wanke Bature ke nan, alhali da Okonkwo ya rataye kansa, Obierika ya tsaya a gaban gawarsa ya ɗora wa Baturen mulki laifi. Abu biyu ne suka haɗu. Lambar girma da rumbu da kokawa su ne katangar da ya gina tsakaninsa da Unoka. Ya dawo bayan shekara 7 ya tarar kotu da coci da kantin manja sun rage wa katangar daraja, ɗansa Nwoye ya shiga coci ya koma Isaac. Da mutane suka bar sauran 'yan aike huɗu suka tsere, ya ji ana tambayar me ya sa ya yi haka, idon da yake yi wa rawa tun yana yaro ya daina kallonsa. Nan ne faɗuwar mutum shi kaɗai da uban ya ambata.

Zuwaira Minanata:
Malamai, idan aka kawo wannan a jarrabawa ta yaya zan tsara amsa? Kullum ana cewa ina ba da labari ne kawai.

Malam Nasiru Mabera:
Kada ki fara da tarihin Achebe, ɓata layi ne. Jimlar farko ta faɗi matsayinki. Sai tushe, babi na 2 da kalmar agbala da ma'anarta biyu, sakin layi ɗaya ya isa. Sannan ki zaɓi aukuwa uku kacal, kada su wuce, kowace ki yi mata tambaya uku: me ya taɓa shi, wa ke kallo, martanin ya yi daidai da laifin? Ni zan ɗauki Osugo, bindigar Ekwefi da Ikemefuna, don suna hawa ne daga baki zuwa harbi zuwa kisa. Ki kawo daren Chielo a matsayin kishiya, ki kawo Obierika ko Ndulue don rufe bakin mai cewa al'ada ce. Inda ɗalibai ke faɗuwa: suna rikita Agbala gunkin da Chielo ke yi wa hidima da agbala ta gori, suna cewa Ojiugo aka harba alhali Ekwefi ce, suna cewa da gangan ya kashe ɗan Ezeudu, suna kuma cewa gunki ne ya umarci Okonkwo ya yi sara da hannunsa. Hukuncin kisa aka yanke, ba a ce shi zai zartar ba. Wannan na ƙarshen shi ke rushe amsa gaba ɗaya, don in dole aka yi masa to babu sauran maganar tsoro.

Malama Hadiza Arkilla:
In kina son ƙarin maki ki taɓo Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, cikin littattafan Hausa na farko da aka buga a shekarun 1930. Can ma rashin abin hannu ne ya sa Abubakar ya rasa Zainab ga attajiri Malam Shehu, kuma bai huce a kan attajirin kai tsaye ba, asiri ya tafi nema don ɗan da za a haifa ya lalace. Okonkwo ma da farko kasa biyan sadakin Ekwefi ya yi ta auri Anene, sai daga baya ta gudo wurinsa da ƙafarta. Bambancin shi ne Abubakar ya san wanda ya yi masa ciwo. Okonkwo nasa ya riga ya ruɓe a mugun daji da sarewarsa.

Sanusi Runjin Sambo:
Saura abu ɗaya da ba ku amsa mini ba. Sau nawa yana cewa da ma Ezinma namiji ce? In mace yake ƙi, me ya sa duk gidan ita kaɗai ke gane shi, har ta yarda ta ƙi manema a Mbanta don ya ce ta jira su koma gida?

Baba Alu Ƙofar Rini:
Don ita ba a auna shi da ita. Ɗiya mace in ta yi sanyi ba a cewa ta gado Unoka. Nwoye na madubi, shi ya sa bai iya kallonai. Ka koma babi na 17, inda yaz zamna gaban wuta bayan yaron ya bi 'yan coci, har ya fara zargin ko ba ɗanai na ba, sannan yat tuna da wa yaron yay yi kama. Karanta min wurin ka dawo, ina nan bayan isha'i.